Jajayen Idanun Moctar

Salamu alaikum 'yan uwa masu bibiyata. Yau ba ni da doguwar gaisuwa, ku yi haƙuri. Tun ranar Lahadi, in na tuna abin da zan ba ku labari sai yawu ya taru a bakina, abinci ma da ƙyar yake wucewa.

Wanda bai san ni ba, sunana Raliatou, a gida ana ce min Raliya. A Stains, nan gefen Paris, nake zaune da Mama da Baba, a wani dogon gini da asansar ɗinsa, wato na'urar hawa bene, ya fi son hutu a kan aiki. Ina aiki a wani farmasi a Saint-Denis. Shekaruna sun kai inda duk Hajiyar da ta shigo gidanmu, kafin ta ajiye jaka sai ta rage murya ta tambayi Mama, wai har yanzu shiru? Ni kuma ina kicin ina jin ta sarai.

Sai ga Moctar. Ɗan kasuwa ne a Lyon, yana da kanti a unguwar La Guillotière, yana shigo da shaddar bazin da turaren wuta da kayan miya daga gida. Mahaifiyarsa da Mama 'yan unguwa ɗaya ne a Damagaram. A wani suna muka haɗu a Clichy-sous-Bois, kuma in gaya muku gaskiya Mama ta riga ni kamuwa. An tsayar da magana cewa ranar Asabar mai zuwa manyansa za su zo su gaida Baba, su kawo goro. Ba wanda ya tilasta ni, Baba ya ce sai abin da na ce. Amma Mama ta riga ta canza labulen falo, ta aro manyan tukwane, ta gaya wa rabin matan ginin.

Kar ku ɗauka kantin ne ya ja ni. Sauran masu turo min saƙo ba su da zance sai kin tashi lafiya, kin ci abinci, me kika ci. Shi kuwa Moctar sai ya turo min guntun waƙar opera, irin wasan nan na Turawa da ake rera dukan labarin da waƙa, sannan ya biyo da wokal, wato saƙon murya, yana min bayani a hankali. Akwai wanda na saurara har na haddace.

"Saurari nan, Raliya. Kin ji yadda ta ja numfashi kafin ta faɗi kalmar? Ba iska ce ta ƙare mata ba. Tsoron faɗar kalmar take yi."

Wallahi abin ya tafi da ni. Bahaushe, ɗan kasuwa, mai wuni cikin katon-katon na kaya, amma da kunne irin wannan? Na ce wanda yake jin tsoron da ke cikin numfashin mace, ba zai taɓa wulaƙanta mace ba. Na san ya taɓa aure, shi da kansa ya gaya min. Ya ce 'yar kawunsa ce, ba su daidaita ba, sun rabu lafiya. Mama ta ce wannan ma alheri ne, namijin da ya taɓa aure ya san darajar mace. Daga nan zancen bai sake tasowa ba.

Da ya ce yana son in zo Lyon ranar Lahadi da rana in ga opera da idona kafin zuwan manyansa, Mama ta yarda da sharaɗi. Ba zan tafi ni kaɗai ba, sai da ƙanwarta, Tanti Maimouna. Kuma ta ba Tanti aiki na biyu a asirce, wanda ni ma na ji don Mama ba ta iya raɗa: ta tabbata ta ga kantin nan da idonta.

Tun jajibere Mama ta rataye kayana a kan kaskon turare. Doguwar rigar bazin ce ruwan zuma, mai aiki a wuya, da gyale mai shara-shara, da sarƙar zinarin Mama wadda ba ta fitowa sai babban biki. An yi min lalle a hannu. Har ɗan farin hankicin da zan riƙe sai da ta turara shi. Tanti kuwa ta kafa ɗaurin kallabi mai hawa-hawa, ta cika jaka da kilishi da dabino, wai ba ta yarda da abincin jirgin ƙasa ba.

Moctar ya tare mu a tashar Part-Dieu cikin baƙar kwat, ya yi kyau abinsa, ya durƙusa ya gaida Tanti har ta fara sa masa albarka tun a bakin tasha. Ya kai mu cin abinci. Wayarsa tana ta ruri a kan tebur, yana kifa ta. Ya ce abokan ciniki ne, ba su san Lahadi ba. Daga baya ya kashe ta gaba ɗaya, ya ce yau ranar Raliya ce. Na sunkuyar da kai ina murmushi kamar wata sokuwa. Tanti ta ce ya kai mu masallacin unguwarsu mu yi azahar, sai ya ce da nisa, kuma ai mu matafiya ne, muna iya haɗa sallolinmu in mun koma. Shi da ba matafiyi ba, ban tambayi kaina ina zai yi tasa ba.

Gidan operar baƙi ƙirin ne daga ciki, bango da kujeru duka. Tanti ta ce kamar an zuba mu cikin tukunya an rufe. Ba mu gama zama ba wata tsohuwar Baturiya a bayanmu ta taɓa kafaɗarta, ta nuna kallabin, ta ce ba ta ganin komai. Tanti ta rushe hawa ɗaya tana gunaguni, wai ita ma ai ba ta zo ganin Baturiyar ba.

Labarin wasan ba shi da wuya. Da Italiyanci suke rerawa, fassarar Faransanci tana fitowa a wani allo a sama. Annoba ce ta shiga wani gari. Duk gidan da ciwon ya shiga sai a buga katako a ƙofar, a bar mai ciwon a ciki. Wata budurwa ta kamu, saura kaɗan a ɗaura mata aure. Saurayin ya rantse mata ta bayan ƙofa cewa zai dawo ya ɓalle katakon ya shigo wurinta. Ya dawo ɗin, amma duk lokacin da ya kai hannu sai tsoro ya kama shi.

Da farko dariya ce ta so kama ni. Saurayin nan mai tumbi ne, ga sanƙo. Budurwar kuwa ta girmi Tanti in ba a yi wasa ba, gajeruwa, mai jiki. Na ce yau na ga ikon Allah, waɗannan ne za su sa ni kuka? Tanti ma ba ta jira ba, kafin a je ko'ina ta fara gyangyaɗi.

Sai matar ta buɗe baki.

'Yan uwa, babu makirfo a gabanta, babu komai. Amma muryar ta taso daga can ƙasa ta zo ta same ni a kujerata, ta shiga ƙirjina ta zauna. Tsigar jikina ta tashi tun daga wuya har ƙafa. Na manta da shekarunta, na manta da jikinta. Yarinya nake gani ita kaɗai a ɗaki, tana jin takun mutumin da take so yana kai da komo a waje. Shi ma mai tumbin da ya fara, sai na daina ganin tumbin. Muryarsa tana hawa da ƙarfi kamar yanzu zai fasa ƙofar, sai ta karye a tsakiya, ya ja da baya. Na tsane shi, na kuma ji tausayinsa, duk a lokaci ɗaya.

A kashi na ƙarshe ne aka gama da ni. Matar tana kwance a ƙasa, kanta a jikin ƙofa. Ta daina roƙonsa ya shigo. Cewa take ya tafi kawai, ta yafe masa, ya je ya rayu. Makaɗan suka yi ƙasa-ƙasa har ya zama kamar ita kaɗai ce a duniya. Ta sa murya siririya, ta riƙe ta, ta riƙe ta, har na ji nawa numfashin yana ƙarewa. Kafin kalmar ƙarshe ta tsaya ta ja numfashi, daidai irin wanda Moctar ya koya min saurara. Duk zauren babu mai motsi. Da saurayin ya yi ta maza ya ɓalle katakon, gawa ya tarar.

Ni hawaye kawai nake yi a hankali. Sai na ji kujerar da ke kusa da ni tana girgiza. Na juya, Moctar ne. Kuka yake yi na gaske, kafaɗunsa suna rawa, ya toshe baki da hannu, hawaye yana bin yatsunsa. Tunda nake ban taɓa ganin namiji Bahaushe yana kuka haka a cikin mutane ba. Na ciro farin hankicina na miƙa masa. Ya karɓa ya rufe fuska da shi. A wannan lokacin na ce a raina shi ke nan, na gama shawara, ranar Asabar in Baba ya tambaye ni zan ce na yarda.

Tanti ma ashe ta farka tun tuni. Tana sharar hawaye da bakin gyale tana tsine wa mai tumbin, wai ragon namiji, Allah ya isar wa yarinyar mutane. Da aka buɗe labule gawar ta miƙe tana murmushi, ta riƙo hannun wanda ya bar ta ta mutu suna sunkuya wa masu tafi, Tanti ta ce ita kam ba ta ga abin tafi ba, amma ta fi kowa tafawa. A banɗaki na ji ta tana yi wa Mama wokal, tana cewa, "Yaya, yaron nan zuciya gare shi. In kin ga kukan da ya yi don tausayin mace, ke ma sai kin yi. Raliya ta dace."

Da muka fito rana ba ta faɗi ba. Idanun Moctar sun yi jajir, sun kumbura. Ya ce bari ya tsayar da taksi ya kai mu tasha kar mu makara. Tanti ta ce ai da sauran lokaci, a biya ta kantin. Ya ce yau Lahadi, a rufe yake. Ta ce ko ƙofar ce ta gani. Ya ce hanyar da cunkoso. Tanti ta gyara jaka a kafaɗa, ta ce ita Yayarta ta aiko ta, ba za ta koma Paris ta ce ta ga masu waƙa ba ta ga kanti ba. Wanda ya san Tanti Maimouna ya san an gama magana. Muka shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Muna shiga layin kantin na ga ya rage tafiya. Can gaba kaɗan, a ƙofar wani gini, maza ne tsaitsaye cikin manyan riguna da huluna, wasu da carbi a hannu, ana magana ƙasa-ƙasa. Moctar ya ce mu juya ta ɗayan layin, ya fi kusa. Bai rufe baki ba wani dattijo mai farin gemu ya ɗago hannu ya kira sunansa. Daga baya na ji sunan dattijon Alhaji Ɗan Juma, shi ne babban 'yan Nijar na unguwar.

Alhajin ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Moctar, ya haƙuri? Ya ƙarin haƙurinmu?"

Sauran mazan suka matso, kowa yana miƙa masa hannu yana cewa Allah ya jiƙanta, Allah ya sa ta huta. Ni da Tanti muka tsaya a gefe muna kallon juna.

"Mun neme ka a masallaci," in ji Alhajin. "Mun kira, waya a kashe. Wasu har sun soma maganganu, na ce a dakata." Sai ya ɗago haɓar Moctar kamar yaro, ya juya fuskarsa wajen mutanen. "To ku duba idon nan. Ku da kuka ce bai damu ba, ku duba. Ashe wuri ya samu ya ɓuya yana kuka. Haba ɗana, Achta ta riga mu gidan gaskiya, kuka ba ya maido ta. Addu'a za ka yi mata."

Na zuba wa Moctar ido. Ina jiran ya ce a'a Alhaji, ba haka ba ne. Ko ya yi shiru ma, da na ce kunya ce. Amma sai ya sunkuyar da kai, ya sa hannu a aljihu, ya ciro hankicina, wanda Mama ta turara da hannunta, ya dafe idanunsa da shi.

"Kasawa na yi, Alhaji," ya ce da wata murya mai rawa. "Na kasa tsayawa a kanta."

Mazan suka yi ta girgiza kai suna dafa kafaɗarsa. Wani ya ce Allah sarki, wani ya ce Moctar ya yafe masa mugun zaton da ya yi masa. Ni kuwa ƙyama ce ta taso min tun daga ƙasan ciki har maƙogwaro, irin wadda ban taɓa ji ga wani ɗan Adam ba.

Tanti ce ta iya buɗe baki, ta gaida Alhajin, ta tambayi wa ya rasu. Ya ce Achta ce, 'yar kawun Moctar, wadda ya taɓa aure. Ta daɗe tana jinya, ranar Alhamis Allah ya karɓi abinsa a asibiti. Sai yau takardu suka kammala, aka yi mata salla bayan la'asar, gobe jirgi zai tafi da ita gida. Na lissafa a raina. Bayan la'asar muna zaune cikin duhu, ina miƙa masa hankici. Kuma tun Alhamis ya sani, Alhamis ɗin da ya turo min hoton tikitin da ɗan zanen zuciya a ƙasa.

Da Alhajin ya ji daga Paris muke, sai fuskarsa ta yi haske. Ya ce tun daga Paris don ta'aziyya? Allah ya ba da ladan zumunci, mata suna sama, mu hau. Ba a jin rasuwa a ƙofar gida a juya. Muka hau.

Ban taɓa jin kunyar tufafi irin ta ranar ba. Falon cike da mata a kan tabarmi da darduma, kowa cikin hijabi ko tsohon zane, idanu a kumbure. Ni kuma na shigo da bazin ruwan zuma yana ƙyalli, sarƙar zinari a wuya, lalle a hannu, turarena ya riga ni shiga. Na ja gyale na rufe sarƙar, na durƙusa na yi gaisuwa, na raɓe a bakin ƙofa. Tanti ta karɓi carbi ta shiga cikinsu.

Wata doguwar mata da ake ta miƙa wa gaisuwa ta daɗe tana kallon jakata. Na duba, ashe ɗan littafin shirin wasan da aka raba mana ya leƙo, da hoton ƙofar nan mai katako a bangonsa. Ta tashi ta yafito ni, na bi ta kicin. Ta ce sunanta Rauda, ita ce yayar Achta. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta harare ni ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi.

"Daga can kuka fito?"

Na ce eh.

"Da shi?"

Na ce eh, amma wallahi ban san komai ba. Ta ce ta sani, fuskata ta nuna.

Tana wanke kofunan shayi tana ba ni labari, kamar da kofunan take magana. Ta ce Achta ce mai son opera, tun tana ɗaliba a nan Lyon take zuwa. Da suka yi aure ita ta riƙa jan Moctar, shi kuwa barci yake yi har da minshari, tana zungurinsa. A hankali ta koya masa. Sai ciwon daji ya kama ta a nono. Da aka fara magani gashinta ya zube, ya ce shi ba ya iya jure warin asibiti. Daga nan ya daina kwana a gida, daga nan saki ya biyo baya ta hannun wani kawunsu. Achta ba ta taɓa zaginsa ba. Da jikin ya yi tsanani, abu ɗaya ta roƙa, ya zo su yafi juna kafin ta tafi.

"Ya zo?" na tambaya.

"Sau ɗaya. Ya tsaya a bakin ƙofar asibitin, ya kira ni a waya, ya ce in sauko in karɓi lemo."

Ta ajiye kofin, ta goge hannu. Ta ce wasan nan da muka gani, Achta ta so ta gan shi, tun da aka sanar za a yi take cewa in ta ji sauƙi Rauda za ta tura ta a keken marasa lafiya su je. A gadon asibiti Achta takan sa mata waƙoƙin a waya, ita Rauda ba ta gane komai.

"Sai ta ce min, Rauda saurari nan, kin ji yadda ta ja numfashi kafin ta faɗi kalmar? Ba iska ce ta ƙare mata ba..."

Ba ta ƙarasa ba, kuka ya ci ƙarfinta. Ni na ƙarasa a zuciyata, kalma bayan kalma. Na juya wajen famfo na buɗe ruwa, na riƙe bakin wurin wanke-wanken da hannu biyu, don na ɗauka amai zan yi a kicin ɗin mutane. Ashe duk watannin nan da muryar matar da ya bari a gadon asibiti yake zance da ni. Abin da na so a wurinsa ma ba nasa ba ne.

Rauda ta ce daren da za ta rasu, Achta ta ce a gaya masa ta yafe masa. Ta ce har yanzu ba ta isar da saƙon ba, kuma ba ta san ko bakinta zai iya ba. Na rungume ta, ni da zinarina da turarena, muka yi kuka tare. Wannan kukan ba irin na ɗazu ba ne, babu daɗi a cikinsa ko kaɗan.

Muna saukowa wayata ta yi ƙara. Moctar ne: "S'il te plaît, don Allah, kar ki ce komai a gabansu. Zan miki bayani." A ƙofa Alhaji Ɗan Juma ya sake yi mana godiya, ya ce wa Tanti samarin yanzu ba kasafai ake samun mai taushin zuciya irin Moctar ba. Na buɗe baki, Tanti ta matse min hannu har sai da na ji zafi. Na yi shiru, ba don shi ba, don gawar da ba a kai gida ba tukuna.

Ya biyo mu har bakin metiro. Tanti ta yi gaba ta ba mu baya. Ya tsaya yana murza hankicin a hannunsa.

"Raliya, écoute, saurare ni. Wallahi kukan nata ne. Ita nake gani a kan dandamalin tun daga farko har ƙarshe."

Na kalle shi. Abin haushin shi ne na yarda da shi, ina jin gaskiya ya faɗa. Kuma wannan ne ya ƙara min ƙyamar.

"Na sani," na ce. "Ka iya kuka in kana kan kujera mai laushi, an kashe fitila, kuma ka san matar za ta tashi a tafa mata."

"Tsoro nake ji. Ba na iya ganin ciwo, haka Allah ya yi ni."

"Ni ma jiki gare ni, Moctar. Wata rana zai yi ciwo."

Ya miƙo min hankicin, ya jiƙe, ya cukurkuɗe.

"Riƙe shi," na ce. "Gobe ma akwai masu zuwa yi maka gaisuwa. Ranar Asabar kuma ka gaya wa manyanka kar su wahalar da kansu."

A jirgin komawa Tanti ba ta taɓa kilishinta ba. Rana tana faɗuwa a kan gonaki, ni kuma muryar matar nan ba ta bar kunnena ba, siririyar nan ta ƙarshe. Ita ban ji haushinta ba. Ta yi aikinta, ta nuna min mutumin tun kafin in san shi nake kallo. Sai da muka yi nisa Tanti ta yi magana, ba tare da ta kalle ni ba. Ta ce Mamanki fa ta riga ta gayyaci mutane, har daga Clichy. Na ce na sani. Ta ce za a yi surutu. Na ce na sani. Ta yi ajiyar zuciya, ta ce in an tambaye ta, ita ma abin da ta gani za ta faɗa. Can sai ta dafe ƙirji, ta tuna wokal ɗin da ta aika daga banɗaki.

Kamar jira ake, wayata ta haska. Mama. Na ɗauka, muryarta cike da murna, ina jin ƙarar tukwanen aro a bayanta.

"Raliya, yanzu na ji saƙon Tantinki. Wai har kuka ya yi? Allah sarki, ɗan albarka. To ke kin gan shi da kyau dai ko? Hankalinki ya kwanta?"

Na kalli lallen hannuna, na kalli Tanti. Ta gyaɗa min kai.

"Na gan shi, Mama," na ce. "Na gan shi da kyau. Ki ajiye tukwanen nan, ki ba Baba wayar."